Kuɗin Mai da Neman Ƙuri'a: Jam'iyyar Masu Ra'ayin Riƙau ta Jahar Ontariyo, 1943-2025

1. Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Ontariyo, a ƙasar Kanada, ta yi amfani da batun kuɗin man fetur don jawo masu zaɓe waɗanda ba nata ba ne na gado. Mun kira Ontariyo "jaha", abin da Faransanci ke ce wa province, saboda tana da majalisar dokoki tata da firimiya, kuma tana aza haraji da kanta. Ita ce ta fi kowace jaha yawan jama'a a Kanada, a nan manyan masana'antun motoci suke, amma man da take ƙonawa galibinsa daga yamma yake zuwa, musamman daga jahar Albarta.

Abin da muke son nunawa shi ne, sau biyu a tarihinta, a 1979 da kuma daga 2018, jam'iyyar ta tarar cewa kuɗin mai shi ne maganar da ta fi sauƙin kai ta gidajen ma'aikata, amma faɗin da ta samu ta wannan hanya ya fi bayyana a yawan kujeru bisa ga yawan ƙuri'u.

2. Suna da asali

Tun daga sunan jam'iyyar ake ganin damuwarta. A 1942 uwar jam'iyya ta ƙasa ta gayyaci John Bracken, firimiyan Manitoba, ya shugabance ta, shi kuwa ya gindaya sharaɗin a ƙara kalmar "ci gaba" a cikin sunan. Reshen Ontariyo ya bi sahu, ya zama Parti progressiste-conservateur. Mai fassara zuwa Hausa yakan tsaya cik a nan, domin "masu ra'ayin riƙau" da "masu son ci gaba" a bakinmu kishiyoyi ne. To amma wannan haɗin gambiza da gangan aka yi shi, don a ce wa manomi da leburan masana'anta jam'iyyar ba ta attajirai kaɗai ba ce.

Da wannan suna George Drew ya ci zaɓen 1943, jam'iyyar kuma ta riƙe mulki shekara 42 ba yankewa, har 1985, a hannun Drew, Leslie Frost, John Robarts, Bill Davis da wasu biyu da ba su daɗe ba. Hanyarsu ita ce tafiya tsaka-tsaki: gina hanyoyi, asibitoci da makarantu, tare da kyautata wa ƴan kasuwa. Harajin mai, wanda jahar ta fara karɓa tun 1925, yana cikin kuɗin da aka shimfiɗa hanyoyin da su, kuma muddin mai na da araha ba wanda ya mai da shi abin gardama.

3. Darasin 1979

Tashin farashin mai na duniya a 1973 da 1979 ya raba masu ra'ayin riƙau na Kanada gida biyu. Peter Lougheed, firimiyan Albarta, yana son farashin cikin gida ya kusanci na duniya, tun da jaharsa ce mai sayarwa. Bill Davis na Ontariyo yana son a danne shi, tun da jaharsa ce mai saye. Jam'iyyarsu ɗaya, bukatunsu na karo da juna.

A watan Disamba 1979 gwamnatin tarayya ta Joe Clark, shi ma ɗan jam'iyyar, ta gabatar da kasafin kuɗi mai ƙarin haraji na senti 18 a kan galan ɗaya, wato wajen senti 4 a lita (senti 100 ne dalar Kanada ɗaya). Davis ya soki manufar mai ta Clark a bainar jama'a, ƴan Liberal kuma suka ɗauki sukar suka yi yaƙin neman zaɓe da ita. Majalisa ta kayar da gwamnati ran 13 ga Disamba. A zaɓen Fabrairu 1980 kujerun jam'iyyar Clark a Ontariyo suka sauko daga 57 zuwa 38, Pierre Trudeau ya dawo mulki. Davis kuwa, wanda tun 1975 ba shi da rinjaye a majalisar jaharsa, ya sami kujeru 70 cikin 125 a watan Maris 1981. A wannan shekara gwamnatinsa ta sayi kashi 25 cikin ɗari na kamfanin mai na Suncor a kan dala miliyan 650, matakin da ya saɓa wa aƙidar barin kasuwa ta yi halinta. Ba za mu ce mai kaɗai ya ba Davis nasara ba, amma ƴan jam'iyyar sun riƙe darasin: mai mota a Ontariyo yakan yafe abubuwa da yawa, ban da ƙarin kuɗin lita.

4. Shekarun ƙuntata

Bayan 1985 jam'iyyar ta karkata dama. Mike Harris ya ci zaɓen 1995 da kujeru 82 cikin 130, bisa alkawarin rage harajin kuɗin shiga da kashi 30 cikin ɗari. Ya zabtare tallafin marasa galihu da fiye da kashi 21 cikin ɗari, ya kuma shiga takun saƙa da ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda suka yi ta shirya yajin aiki gari-gari daga 1995 zuwa 1998. Jam'iyyar ta faɗi a 2003, ta shekara 15 tana adawa. A 2014 shugabanta Tim Hudak ya yi alkawarin rage ma'aikatan gwamnati 100,000, ya tashi da kujeru 28 cikin 107. Daga nan ya fito fili cewa ƙauyuka da ƙananan garuruwa kaɗai ba za su mai da ita mulki ba. Dole ta shiga unguwannin da ke kewaye da Toronto, inda baƙi ƴan ci-rani da ma'aikata suka yi yawa, inda kuma mutum ba ya zuwa aiki sai da mota.

Patrick Brown, wanda ya gaji Hudak, ya gwada hanya ɗaya: a 2016 ya amince da aza kuɗi a kan hayaƙin da ke ɗumama duniya, don jawo masu matsakaicin ra'ayi na birni. Ya sauka a Janairu 2018, Doug Ford ya hau a Maris, ya ɗauki kishiyar hanyar.

5. Ford da yaƙin kalmomi

Gwamnatin Liberal ta Kathleen Wynne ta kafa kasuwar takardun izinin fitar da hayaƙi a 2017, ta haɗa ta da ta Kebek da Kalifoniya. An ƙiyasta tsarin ya ƙara senti 4.3 a lita. Ford ya yi alkawarin rage senti 10: 4.3 ta soke tsarin, 5.7 daga harajin jaha, wanda yake senti 14.7 tun 1992. Ya ci kujeru 76 cikin 124 a Yuni 2018, ya soke tsarin nan take. Sai dai dokar tarayya ta tanadi cewa jahar da ba ta da tsari nata za a aza mata na Otawa, don haka ran 1 ga Afrilu 2019 senti 4.4 suka dawo kan lita.

A nan mai nazarin harshe yake da abin cewa. Gwamnatin tarayya tana kiran abin "farashin gurɓata iska", a Faransanci tarification ko redevance, tana kuma tunatarwa cewa wajen kashi 90 cikin ɗari na kuɗin ana mayar wa iyalai. Ford kuwa yakan kira shi "haraji". A 2019 ya yi doka ta tilasta wa gidajen mai manna takarda a jikin famfo mai nuna yadda "harajin" zai riƙa hawa, ba tare da ambaton kuɗin da ake mayarwa ba. Kotun jaha ta soke dokar a Satumba 2020, bisa hujjar cewa ba a tilasta wa ɗan kasuwa yaɗa saƙon jam'iyya. A Maris 2021 Kotun Ƙoli ta Kanada, da alƙalai 6 a kan 3, ta tabbatar da dokar tarayya, ta kuma ce a idon tsarin mulki abin ba haraji ba ne. Ford ya faɗi a kotu ke nan, amma kalmarsa ce ta zauna a bakin jama'a. Dalili a bayyane yake: farashin mai a rubuce yake da manyan lambobi a bakin hanya, direba na ganinsa kullum, kuɗin da ake mayarwa kuwa shiru yake shigowa.

6. Zaɓen 2022

Rabin alkawari na biyu, senti 5.7, ya jira shekara huɗu. Bayan Rasha ta mamaye Yukren a Fabrairu 2022, lita ta haura dala 2 a Toronto. Gwamnati ta soke kuɗin sabunta lambar mota, wanda yake dala 120 a shekara a kudancin jahar, ta aika wa direbobi abin da suka riga suka biya, sannan ta yi dokar rage harajin mai daga 1 ga Yuli, wato bayan zaɓen 2 ga Yuni. Mafi ƙarancin albashi, wanda Ford ya tsayar a dala 14 a awa a 2018, ya ɗaga shi zuwa 15 a Janairu 2022. Ministan ƙwadago Monte McNaughton ya jawo ƙungiyoyin magina da dama, har da LiUNA, suka goyi bayan jam'iyyar, domin alkawarin sababbin hanyoyi aiki ne ga mambobinsu.

Sakamako: kujeru 83 cikin 124. Jam'iyyar ta kwashe duk kujeru biyar na Brampton, ta ƙwace Windsor-Tecumseh a garin masana'antun motoci, da Timmins ta masu haƙar ma'adinai, inda Gilles Bisson na jam'iyyar NDP ta ma'aikata yake majalisa tun 1990.

To amma a duba lissafin da kyau. Kasonta na ƙuri'u bai motsa ba, yana tsakanin kashi 40 da 41 cikin ɗari a zaɓukan biyu. Masu fitowa zaɓe sun ragu daga wajen kashi 57 zuwa wajen 44, mafi ƙanƙanta a tarihin jahar, ƙuri'un jam'iyyar kuma sun sauko daga kimanin miliyan 2.3 zuwa 1.9. A tsarin da mai rinjaye kaɗan yake ɗaukar kujera, rabuwar ƴan adawa tsakanin Liberal da NDP ta yi mata aiki daidai da abin da mai ya yi. Haka kuma ba dukan ma'aikata aka jawo ba. Dokar 2019 da ta kayyade ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati a kashi 1 cikin ɗari ta bar malaman makaranta da na asibiti cikin fushi har kotuna suka rushe ta. A Nuwamba 2022 gwamnati ta haramta yajin aikin ma'aikatan makarantu 55,000, sai ga ƙungiyoyin maginan da suka goya mata baya suna sukarta, ta janye dokar cikin mako biyu.

7. Kammalawa

A Fabrairu 2025 Ford ya ci rinjaye karo na uku, da kujeru 80 da wajen kashi 43 cikin ɗari, amma a wannan karo barazanar harajin kwastan na shugaban Amurka Donald Trump ce ta mamaye yaƙin zaɓe. Ran 1 ga Afrilu 2025 sabon firaminista Mark Carney ya mai da kuɗin hayaƙi na direbobi sifiri, bayan ya kai senti 17.6 a lita, kasafin kuɗin jaha na wannan shekara kuma ya mai da ragin harajin mai na dindindin, a senti 9.

Kamar yadda muka gani, abin da ya haɗa Davis da Ford shi ne sun yi magana da mai zaɓe a matsayinsa na direba, suka kauce wa tambayar ko shi ma'aikaci ne ko mai ɗaukar ma'aikata, baƙo ne ko ɗan gari. Wannan ya buɗe musu ƙofofin da Harris da Hudak suka rufe, ba tare da jam'iyyar ta sake aƙidarta game da albashi da ƙungiyoyin ƙwadago ba. Sai dai ragin yana da kuɗinsa, domin abin da baitulmali ya rasa a kowace lita dole a cike shi da bashi ko a rage wani aiki, kuma wanda ba shi da mota bai amfana kai tsaye ba. Tun da an janye kuɗin hayaƙi a 2025, jam'iyyar ta rasa abokin gabar da ta shekara bakwai tana nunawa da yatsa. Tambayar da ta rage ga masu bincike ita ce ko mazaɓun Windsor, Timmins da Brampton za su zauna tare da ita a ranar da gardama ta koma kan albashi, asibiti da kuɗin hayar gida.