Tarihin Kundin Waƙoƙin Simple Things na Zero 7

Simple Things shi ne kundin waƙoƙi na farko da Zero 7 suka fitar, wato makaɗan nan biyu mutanen birnin Landan, Henry Binns da Sam Hardaker, waɗanda suka yi shuhura a farkon wannan ƙarni da wani irin kiɗa mai sanyi da natsuwa, wanda ake haɗa shi da na'urorin lantarki, sa'an nan a zuba masa kayan kiɗan hannu da muryar ɗan Adam, har mai saurare ya kasa rarrabe inda aikin na'ura ya tsaya da inda na hannu ya soma. Kamfanin Ultimate Dilemma ne ya fitar da shi a Ingila ranar 23 ga Afrilu, 2001, ɗauke da waƙoƙi 12, kusan rabinsu kiɗa ne tsantsa ba mai rera kome a ciki.

Asalin al'amarin yana komawa ne ga wani gidan ɗaukar sauti da ake kira RAK, a unguwar St John's Wood ta Landan, wanda Mickie Most, mashahurin mai shirya faya-fayai, ya kafa a 1976. A nan ne samarin biyu, bayan sun yi karatun sarrafa sauti, suka sami gurbi a matsayi mafi ƙanƙanta, na masu dafa wa manya shayi da kai saƙo da naɗe wayoyi, kafin sannu a hankali a yarda su zauna gaban teburin haɗa sauti. Kuma duk wanda ya san yadda yaron maƙera ke shekaru yana zuga wuta kafin a miƙa masa guduma zai gane irin tarbiyyar da suka samu. Shekarun da suka yi suna hidimar waƙoƙin wasu, suna lura da yadda ake kafa makirufo, da yadda ake rage wannan amo a ƙara wancan, da yadda gwani ke barin fili a cikin kiɗa alhali yana da ikon cika shi, su ne, a ganina, sababin duk wani abin yabo da ya bayyana a kundin daga baya. A wannan gida kuma abokinsu Nigel Godrich ya yi nasa zaman koyo, shi ne wanda ya shirya wa ƙungiyar Radiohead kundinsu OK Computer a 1997.

Ta hannun Godrich ɗin nan ƙofa ta buɗe musu, domin a shekarar ta 1997 aka ba su waƙar Radiohead mai suna Climbing Up the Walls su sake mata zubi, wato su warware sassanta su mayar da ita bisa wani tsari nasu, aka kuwa sa aikin a bayan faifan Karma Police na ƙungiyar da sunan Zero 7. Gilles Peterson, mai gabatar da shirye-shirye a rediyo kuma jagoran kamfanin Talkin' Loud, da ya ji abin ya burge shi, sai ya ba su waƙar Love Theme from Spartacus wadda Terry Callier ya rera, su yi mata irin wannan aiki. Callier kuwa dattijo ne mutumin Shikago, wanda ya taɓa ajiye waƙa ya koma aikin kwamfuta shekaru masu yawa, har matasan Ingila suka tono tsofaffin faya-fayansa suka dawo da shi fage. Bayan wannan suka fitar da ƙananan faya-fayai biyu na ƙashin kansu, waɗanda daga cikinsu aka ɗebo wasu waƙoƙin kundin.

Wajibi ne a ambaci zamanin da abin ya faru a cikinsa, gama ba daga sama ya faɗo ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 matasan Birtaniya suka rungumi kiɗan rawa na na'ura mai sauri da ƙarfi, kuma gidajen rawar suka riƙa keɓe wani ɗaki inda wanda ya gaji zai zauna ya huta ana sa masa kiɗa mai laushi, har wannan kiɗan hutu ya zama fanni mai zaman kansa. Birnin Biristol ya ba da nasa rabo da Blue Lines na Massive Attack a 1991 da Dummy na Portishead a 1994, sai dai waɗannan akwai duhu da damuwa a cikinsu. A tsibirin Ibiza na ƙasar Sifaniya kuma José Padilla yana zaɓo waƙoƙin faɗuwar rana a Café del Mar, ana tara su a faya-fayai suna yawo duniya. Sa'an nan a 1998 Faransawa biyu da ake kira Air suka fitar da Moon Safari, wanda ya tabbatar wa kamfanoni cewa kiɗa mai sanyi na iya samun kasuwa mai faɗi.

Binns da Hardaker ba mawaƙa ba ne, ba su kuma yi da'awar haka ba, sai suka nemo muryoyi uku. Na farko Mozez, haifaffen Jamaika, shi ya rera I Have Seen wadda ta buɗe kundin, da This World, da waƙar da kundin ya ci sunanta, kuma a muryarsa ake jin gadon mawaƙan baƙar fata na Amurka na shekarun 1970. Ta biyu Sophie Barker, 'yar Ingila, wadda ta rera In the Waiting Line da murya siririya kamar mai raɗa. Ta uku Sia Furler, wadda aka haifa a Adelaide ta ƙasar Ostireliya a 1975, ta zo Landan ba a san ta sosai ba, ita ta rera Distractions, kuma ita da Barker suka haɗu a Destiny, wadda ta zama mafi shahara a kundin duka. Wanda ya san Sia ta daga baya, mai Chandelier ta 2014, wadda ke ɗaga murya iyakar ƙarfinta, zai yi mamakin yadda a nan take jan kalmomi a kasalance tana tauna su, amma haƙiƙa alamar baiwar tana nan a fili tun a lokacin.

Kaifiyyar kiɗan kuwa ita ce a shimfiɗa ganga mai tafiya a hankali, a ɗora mata amon jita mai kauri wanda ke riƙe da karin waƙar, a kawo piyanon lantarki irin na Fender Rhodes mai sauti mai ɗumi, sa'an nan gogen Turawa da ƙaho da sarewa su shigo ɗaya bayan ɗaya, ba mai danne wani, ba mai gaggawar isa ƙarshe. Wannan ya fi bayyana a waƙoƙin da ba murya, irin su Polaris da Give It Away da Red Dust, inda ba kalma ko ɗaya da za ta rufe wa makaɗi asiri idan tsarinsa ya yi rauni. Akwai kuma Likufanele, wadda aka gina bisa muryoyin wata ƙungiyar mata 'yan Afirka ta Kudu da ake kira Philani Mothers, kuma abin yabo ne yadda aka bar muryoyin matan a gaba, kiɗan na bin su da ladabi, alhali da yawa daga Turawan da suka ari muryar Afirka a wancan zamani ado kawai suka mayar da ita.

Kundin ya sami karɓuwa fiye da yadda ƙaramin kamfani zai yi tsammani, ya shiga cikin talatin na sama a jerin cinikin faya-fayai na Birtaniya, aka kuma sa shi cikin waɗanda ke takarar lambar Mercury ta 2001, tare da Amnesiac na Radiohead da Felt Mountain na Goldfrapp, wanda shi ma kundin farko ne na wasu mutum biyu 'yan Ingila. An yi bikin ba da lambar ranar 11 ga Satumba, 2001, ranar da aka kai hari Amurka, PJ Harvey ce ta ci, ta kuma karɓi labarin ta wayar tarho daga birnin Washinton. A 2002 aka ambaci Zero 7 cikin 'yan takarar sababbin shiga a lambobin Brit. A Amurka kuwa abin da ya fi yaɗa sunansu shi ne sa In the Waiting Line a fim ɗin Garden State na Zach Braff a 2004, wanda kundin waƙoƙinsa ya ci lambar Grammy.

Masu suka sun kawo hujja biyu, ɗaya cewa Zero 7 kwaikwayon Air suke yi, ɗaya kuma cewa kiɗan nasu na gidajen shan gahawa ne da tallace-tallacen talabijin, ana jin sa ba a sauraren sa. Ta farko tana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin kamannin ba ya ɓoyuwa, sai dai Air sun karkata ga muryar da na'ura ta canja da wasa irin na yara, su kuwa Zero 7 sun dogara ga mawaƙa na gaske da waƙoƙi masu baiti da amshi, waɗanda za a iya rera su da jita kaɗai ba su rasa darajarsu ba. Ta biyu kuwa ban ga adalci a cikinta ba, gama yawan sa waƙa a kantuna laifin masu kantuna ne, kuma wanda ya keɓe lokaci ya saurari waƙar End Theme ta cikin kundin daga farko har ƙarshe, ya bi yadda gogen ke hauhawa a kan gangar, zai shaida an yi aikin da nazari da haƙuri.

Bayan wannan Zero 7 sun fitar da When It Falls a 2004, da The Garden a 2006 inda José González ɗan ƙasar Suwidin ya shigo, da Yeah Ghost a 2009 wanda Sia ba ta cikinsa, kuma ko da yake akwai waƙoƙi nagari a cikin ukun, babu wanda ya kai Simple Things daidaituwar tsari daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe.