Ɗuri da Awonsa: Tarihin Cika Bindiga daga Fadar Sarki zuwa Filin Gasa

Kalmomi uku da Bahaushe yake amfani da su a kan wannan makami, wato bindiga da albarushi da harsashi, duka aro ne daga Larabci. Ta ukun ma asalinta sunan dalma ne, ƙarfen nan mai laushi da ake narkawa a zuba ƙwayar harbi. Sun ƙetaro Sahara ne tare da ayarin fatake, ta hanyoyin da Agadas take ɗaya daga cikin manyan zangunansu. Akwai kuma kalma ta huɗu wadda Bahaushiya ce tsantsa: ɗuri. Ita ce sunan aikin da hannu yake yi, na auna albarushi a zuba shi cikin bindiga daidai da bukata. Tarihin bindiga a Abzin da ƙasar Hausa, in an bi shi a tsanake, tarihin wannan awon ne da na wanda yake riƙe da saninsa.

Bindiga ta nuna kanta a yankin Sudan tun ƙarni na 16. A shekara ta 1591, a Tondibi kusa da Gao, rundunar Maroko ta karya ta Songai da ƙarfin wuta, alhali ba ta kai ta yawa ba. A wannan zamanin ne kuma Mai Idris Aloma na Barno ya samu Turkawa masu koyar da harbi, kamar yadda limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta. Tarihin sarakunan Kano ya ce Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye ƴan bindiga a fada. Duk da haka Abzinawa sun daɗe suna fifita takobi da mashi da garkuwa. Dalilin a fili yake: kafin mai bindiga ya sake ɗuri, mai raƙumi ya iso kansa.

Ɗurin wancan zamani aiki ne mai matakai. Mai bindiga yakan tsiyayo albarushi daga ƙaho, ya zuba ta bakin bindiga, ya cusa tsumma ko ɓawon itace, ya danna da sanda, sa'an nan ya saka dalma ko guntayen ƙarfe ya sake dannawa. A wurare da yawa na Afirka ta Yamma da yatsu ake auna ɗurin, ana duban tsawon sandar da ya rage a waje. Bindigogin da Turawa suke sayarwa a bakin teku ƙarfensu ba shi da kyau, saboda haka wanda ya wuce awo yakan rasa yatsu ko ido idan bututun ya fashe. Gwani shi ne wanda ya san ɗurin giwa daban, na zabo daban, na sanar da ganin wata kuma daban, domin wannan na ƙarshe ƙara kawai ake so, ba a saka masa dalma.

Albarushin kansa haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa, kuma masu sana'a sun iya dakansa a gida. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, an kai wannan sani matsayi mai girma: ana yin albarushi a cikin birni, maƙera kuma suna zuba igwa. Sarkin da yake da maƙera da madaka, abin da yake jira daga Tarabulus kaɗan ne. Ƙarfinsa yana cikin ganuwarsa.

Rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ya kawo abin da ya rushe wannan tsari. Turawa suka haɗa albarushi da dalma da ɗan maɓallin da ke tayar da wuta a cikin kwanso guda na tagulla, ana saka shi ta gindin bindiga cikin ƙiftawar ido. Sojan Faransa ya samu bindigar Gras a 1874. A 1884 Paul Vieille ya ƙago albarushi marar hayaƙi, aka yi bindigar Lebel dominsa a 1886, hafsoshi kuma suka rataya libarba samfurin 1892 mai cin harsashi shida. Daga nan awo ya bar hannun mai harbi ya koma masana'anta. Sabon albarushin ba a auna shi da yatsa, sai da sikeli mai kama nauyin da bai kai giram ba, kuma ba a daka shi a turmi.

Mutanen Afirka ba su naɗe hannu ba. Maƙeran Samori Ture, wanda Faransawa suka kama a 1898, sun gyara bindigogin Gras, sun ƙera irinsu, suna kuma sake cika kwanson da aka harba. Amma Turawa sun riga sun toshe mashigar. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani da harsasansu a wani babban yanki na Afirka da Agadas take cikinsa, ta bar wa ƴan ƙasa tsohuwar bindiga mai ƙyastu da baƙin albarushi.

Agadas ta ga ma'anar wannan da idonta. Ayarin soja na Foureau da Lamy ya sauka garin a watan Yuli na 1899, daga 1906 kuma Faransawa suka zauna dindindin. A watan Disamba na 1916 Kawusan ya iso da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, yana ɗauke da bindigogin zamani da igwa da ya samo ta hannun Sanusiyya daga Fezzan, ya kewaye barikin Faransawa. Wannan karon makami ya zo ɗaya da na abokin gaba, sai dai kowane harsashi ya ƙetaro hamada ne a bayan raƙumi, ba maƙerin da zai yi madadin albarushinsa a Abzin. Bariki bai faɗi ba, kuma ranar 3 ga Maris 1917 rundunar da ta taso daga Damagaram ta karya ƙawanyar. Ramuwar da ta biyo baya ta ci malamai da yawa, ta kuma watsa jama'ar ƙasar.

A Turai da Amurka kuwa, inda aka ƙago kwanson, wasu sun koma ɗuri da hannu don son ransu. Harbin allo da libarba yana cikin wasannin Olamfik na farko a Atina a 1896. Masu wannan wasa suka lura cewa harsashin yaƙi ya fi ƙarfin takarda: yana girgiza hannu, yana gajiyar da kunne, yana cinye bututu. Sai suka riƙa tattara kwansonsu suna sake cika shi da awo mai sauƙi, da dalma mai shimfiɗaɗɗen kai da ke huda takarda tsaf don alƙali ya ƙirga maki ba gardama. Har yau ana wannan aiki a Faransa ƙarƙashin lasisi. Masu yinsa sun san cewa ɗuri mai sauƙi ya fi bukatar lura, domin albarushin kaɗan ne a gindin kwanso, mutum yana iya zubawa sau biyu bai gani ba. Darasin tsohon maharbi ke nan: ba a ɗuri da gaggawa, ba a yi kuma hankali yana wani wuri.

A wannan yanki, tsohon ɗuri ya tsira a hannun maharba da kuma fada. A hawan salla na Kano, wanda UNESCO ta saka cikin gadon al'adun duniya a 2024, har yanzu ana buga bindigar toka don girmama sarki. Amma kalmar ƴan bindiga, wadda da take nufin masu wannan hidima, yau a bakin rediyo sunan masu satar mutane ne a Zamfara da Katsina da kudancin Maraɗi, masu harsashin da ba su auna ba, ba su kuma san maƙerinsa ba. Agadas ta taɓa ba da tata amsar ranar 25 ga Satumba 2000, lokacin da aka ƙona bindigogi fiye da 1,000 a bikin Wutar Zaman Lafiya, bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995.

Tsofaffin maƙera da maharba da suka san sunan kowane sashe na bindigar ɗuri, da kirarinta, da ladubban ɗaukarta, suna ƙarewa. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ba su da bukatar koya wa kowa haɗa albarushi. Abin da ya cancanci a rubuta daga bakin waɗannan dattawa shi ne kalmomin, da ƙa'idar da ke bayansu, cewa mai riƙe da wuta shi ne yake amsa tambaya a kan awonta.