Daga Lalas zuwa Rajista: Tarihin Wasu Kalmomin Kasuwa

Hausawa na cewa suna linzami ne. A kasuwar zamani kuwa suna dukiya ne, don haka ya kyautu mai karatu ya rarrabe kalmomi huɗu na Ingilishi da ake yawan cakuɗawa: brand, logo, label da trademark.

Asalin brand a tsohon Ingilishi wuta ce. Daga nan aka kira lalas ɗin da ake yi wa dabba da ƙarfe mai zafi da wannan suna. Al'adar ba baƙuwa ba ce a jahar Difa, inda Tubawa suka daɗe suna ɗora wa raƙumansu alamar dangi, domin a san mai su ko da sun ɓata. Da masana'antu suka bunƙasa a ƙarni na 19, kalmar ta sauka daga fatar dabba ta koma kan ganga da kwalba. Daga bisani ta ɗauki ma'anar amincin da kaya suka samu a zukatan masu saye.

Logo zanen tambari ne da ido ke gani. Label takarda ce da ake mannawa a jikin kaya. Trademark kuwa alama ce da doka ta tsare: Ingila ta kafa dokar rajistarta a 1875, kuma jan alwatikan kamfanin Bass ne aka fara rubutawa a 1876. Ɗalibanmu na rikicewa ne saboda Faransanci ya haɗa brand da trademark a kalma guda, wato marque, sannan label ɗinsa shaidar inganci ce, ba takarda ba.

Mu duba tattasan da ake nomawa a bakin Komadugu, daga Difa har yankin Boso. Buhunsa ba ya buƙatar zane. Sunan Difa kaɗai ke sayar da shi a kasuwannin Nijeriya. Wannan shi ne brand. Ko hana cinikinsa da aka yi a 2015 saboda rikicin Boko Haram bai shafe sunan ba. Sai dai suna kaɗai ba ya hana wani ya cika buhu da tattasan wani wuri ya ce na Difa ne.

A nan doka ke shigowa. Nijar na cikin ƙungiyar OAPI, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, mai mazauni a Yawunde. Ita ce ta yi wa barkonon Penja na Kamaru rajistar asali a 2013, daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu irinta. Wannan rajista ba ta mutum ɗaya ba ce, ta dukkan masu sana'ar yankin ce.

Saboda haka aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne su ba kowace kalma takwararta: suna, tambari, takardar shaida da alama mai rajista. Manomin da ya san bambancinsu ya san abin da ya riga ya mallaka, da abin da ya rage ya tsare.