Asalin Rabon Ruwa a Damargu

Gardamar da ake yi yau game da masu dukiya da ke mallake rijiyoyin makiyaya suna sayar da ruwa, daga Tanut har kwarin Tarka na Belbeji, tana da tsohon asali. A dā wannan yanki, wato Damargu, shi ne rumbun Azbin, ayari na sauke gishiri yana ɗaukar gero, kuma hukuncin rijiya bai saɓa wa fiƙihun Malikiyya ba: wanda ya haƙa shi ke fara shayarwa, amma ba ya hana baƙo rarar ruwa.

Abin da galibi ake mantawa shi ne zurfin rijiyar kansa mizani ne, domin kuwa sai raƙumi ya ja igiya ya yi nisa kafin wasaki ya fito a juye a komi, saboda haka garken da za a shayar a yini ƙayyadadde ne, ciyawar kewaye kuma takan kai bazara. Da hukuma ta shata iyakar noma ta arewa a 1961, ta kuma kafa tashoshin famfo masu inji a yankin kiwo, inda kowa ke sha ba da izinin kowa ba, sai mizanin ya karye. Farin 1973 da na 1984 suka tarar da dabbobi cunkushe, ga ruwa, babu ciyawa. Wasu sun ɗora alhakin ga fari kaɗai, wasu ga yawan bisashe. Hujjarsu ba ta gamsar da ni ba, tun da fari ba baƙo ba ne a Damargu.

Maido da mizanin nan yana buƙatar a yanke hukunci tun kafin a san yadda damina za ta kasance. A 1955 George Dantzig, masanin hisabi a Amurka, ya bayyana hanyar yanke shawara alhali gobe tana gaibu: a raba hukunci biyu, wanda za a zartar kafin a san yadda shekara za ta kasance, da gyaran da za a yi bayan an sani, a auna kowace irin shekara gwargwadon yiwuwarta. Dokar karkara ta 1993 ta maido wa makiyayi haƙƙin fifiko a mazauninsa, ta 2010 kuma ta ƙayyade tazara: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 ga na siminti, 30 ga na burtsatse. Tazarar nan hukuncin farko ne kawai. Na biyun, wato wane famfo za a buɗe, wane za a rufe bayan an ga ciyawar bana, shi ne ya cancanci a zauna a kansa kowace kaka, da masu rijiya a majalisar.