Alkawarin 1996: Yadda Katin Dodanni Ya Zama Kadara

A shekarar 1991, Richard Garfield, ɗalibin lissafi a Jami'ar Pennsylvania, ya gabatar wa Peter Adkison, shugaban ƙaramin kamfanin Wizards of the Coast a Amurka, wani wasan tebur da ya ƙirƙira. Kuɗin buga shi ya fi ƙarfin kamfanin, saboda haka Adkison ya nemi wasa mai araha, wanda za a iya sa wa a aljihu. Wannan buƙata ce ta haifi Magic: The Gathering, wanda ya shigo kasuwa a watan Agustan 1993.

A wasan, mutum biyu ne ke karawa a matsayin matsafa, kowa na tura dodanni da aljanun da aka zana a katunansa. Abin da ya raba shi da karta shi ne yadda ake mallakar katunan. A wancan lokacin, mai wasa kan sayi ƙunshi a rufe mai kati 15, ɗaya daga ciki mai wuyar samu, sannan ya harhaɗa rundunarsa da kansa. Ƙarancin wasu katuna ya ba su farashi, har mutane suka fara adana su kamar zinariya.

A 1995 kamfanin ya fitar da jerin Chronicles, inda ya sake buga tsofaffin katuna da yawan gaske domin sababbin 'yan wasa su samu. Farashin na asali ya rushe, masu tarawa da masu shaguna suka yi ca a kansa. Domin kwantar da ƙura, a watan Maris na 1996 kamfanin ya sanar da jerin katunan da ya yi alkawarin ba zai ƙara bugawa ba har abada. Cikinsu akwai Black Lotus, wanda bugunsa na farko ya sha kaiwa dubban ɗaruruwan daloli a gwanjo.

Alkawarin ya tsare dukiyar masu tarawa, amma ya ɗora nauyinsa a kan masu wasa. Gasannin da ake amfani da tsofaffin katuna sun zama sai mai hannu da shuni. Katunan Pokémon, da suka fito a Japan a 1996, da na Yu-Gi-Oh! a 1999, sun gaji tsarin rufaffen ƙunshi tare da wannan takaddama. Hasbro ya sayi Wizards of the Coast a 1999, kuma har yau bai janye alkawarin ba.