Daga Kalangun Shata Zuwa Fiyanon Sangaya: Tsohuwar Gardamar Manya Da Yara Kan Waƙa

Ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999 Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a Kano, aka ɗauki gawarsa zuwa Daura aka yi masa sutura. A cikin wannan shekarar ce kuma kamfanin Sarauniya ya saki fim ɗin Sangaya, wanda waƙarsa ta game gari, daga shagon aski zuwa gidan biki, har bakin 'yan mata masu talla. Kiɗan wannan waƙa a situdiyo aka haɗa shi da fiyano, na'urar da aka cusa mata amo mai kama da na sarewa da ganga. Ba wanda ya shirya haɗuwar waɗannan abubuwa biyu a shekara guda, amma duk mai son sanin inda kunnen Bahaushe ya rabu gida biyu, to ya fara dubawa daga nan.

Har gobe ana wannan gardama. Shiga motar haya daga Kano zuwa Katsina ka ji. Direba matashi ya saka waƙar soyayya, dattijon da ke gidan gaba ya ce, "Yaro, rage mana wannan hayaniyar, ba ka da Ɗanƙwairo ne?" Shi kuwa ya amsa cikin ladabi, "Baba, ai waɗannan sai ku, mu barci suke sa mu." Manya na cewa waƙar yanzu ba ta da ma'ana, kwaikwayon Indiyawa ce, kuma tana ɓata tarbiyya. Yara na cewa ta da ta cika tsawo, kiɗa ɗaya ake ta nanatawa, ga yabon mutanen da ba su san ko su waye ba.

Abin da masu kewar jiya suka cika mantawa shi ne, Shatan da suke kafa hujja da shi a yau, shi ma waƙar yara ya fara. An haife shi a Musawa a 1923, kuma gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Mahaifinsa bai so ya shiga wannan hanya ba, domin a wancan zamani waƙa roƙo ce, maroƙi kuwa ba kowa ke ba shi 'ya ba. Tallan goro ya yi kafin ya zama mawaƙi, kuma a dandali ya goge, wurin wasan asauwara na samari da 'yan mata. A lokacin, in ana maganar waƙar da ta isa a zauna a saurara, ta fada ake nufi: Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa a gaban Sarkin Gobir Ahmadu na Isa, ko Salihu Jankiɗi da taushinsa a fadar Sarkin Musulmi. Kalangu kuwa kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali. Wannan kalangun Shata ya ɗauko ya shiga da shi birane, ya wasa 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikatan En'e da 'yan siyasa, wato sababbin masu kuɗin da cinikin gyaɗa da auduga da sufurin mota suka samar, har ya kai shi gaban sarakuna. Ya yi wasa a otal-otal, ya yi wa masu shan barasa waƙa, malamai kuma ba su ɓoye ɓacin ransu ba.

Kiɗan goge da kukuma ma ya fi haka muni a idon dattawan wancan lokaci. Goge an ɗaure shi da bori da gidan magajiya tun fil azal. Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka, waɗanda yau ake sa kukumarsu a rediyo da sunan kiɗan gargajiya, samarin shekarun 1960 da 1970 da yawa a ɓoye suke zuwa wurin wasansu, kada labari ya kai gida. Haka amadar Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Mata ne ke kifa ƙwarya su yi ta kaɗawa a cikin gida ranar biki ko suna, tana faɗa musu maganar kishiya da ta sana'a da ta zaman aure ba tare da sakaya ba, mazaje da yawa kuwa ba su so matansu su ji. Waɗannan samari da 'yan matan su ne kakannin yau masu cewa a kashe waƙar zamani.

To me ya mai da waƙar dandali ta zama abin tinƙaho na al'umma guda? Rediyo da kaset. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna na gwamnatin Jihar Arewa a 1962, aka sami murya ɗaya da ke shiga kowane lungu, ta gajeren zango har Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi. Shirin Zaɓi Sonka ya sa mutum ya rubuto wasiƙa daga ƙauyensu, a karanta sunansa da na abokansa, a sa masa waƙar da ya zaɓa. Manomi da malamin makaranta da sojan da ke bakin daga lokacin yaƙin basasa duk abu ɗaya suke ji. Faifan garmaho sai mai hali, amma da kaset ya yawaita a shekarun 1970, kowa ya zama mai taskar kansa. Wanda ya rayu a lokacin ya san yadda ake zura biro a ramin kaset ana juyawa don a tanadi batir, da yadda in rakoda ta cinye zare ake zaro shi a hankali, a yanke inda ya tauye, a haɗa da ɗan man farce. Waƙar da ka sha wa wannan wahala ba ta fita ranka. Rabin kewar da dattijo ke yi ta muryar mawaƙin ce, sauran rabin kuwa ta majalisar da aka saurara tare ce, da mutanen cikinta da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Zargin kwaikwayon Indiya shi ma yana da tsohon tarihi, kuma ba jikoki suka fara ba. Tun 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, wasu irin su Palace da Plaza suka biyo baya, kuma daga shekarun 1950 zuwa 1960 Kwarori masu gidajen silima suka gano ba fim ɗin da ke cika musu kujeru kamar na Indiya. Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin waƙar fim ɗin Indiya ya zuba mata kalmomin Hausa tun kafin a haifi mafi yawan mawaƙan Kannywood. Daga baya masu bege da bandiri a Kano, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka riƙa ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kan irin waɗannan karuruwa. A Kaduna kuma Bala Miller na can da jita da kakakin Turawa yana waƙa da Hausa, a Nijar Sa'adu Bori na Maraɗi ya haɗa amon bori da kayan kiɗan zamani. Ƙofar a buɗe take tun tuni.

Abin da ya faru bayan fitowar Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ɗauka shi ne mafarin finafinan bidiyo na Kano, sauyin sana'a ne gaba ɗayanta. Mawaƙin da yakan tafi da tawaga: makaɗa, 'yan amshi, sanƙira mai shela, kowa da iyalinsa da ke jiran abin da za a samo. Yanzu yaro guda da fiyanon Yamaha a ɗaki ɗaya ya isa. Furodusa ya ba da labari, a rubuta baitoci, namiji da mace su rera suna amsa wa juna, jarumai su hau kai a fim. Wannan salo da ake kira nanaye shi ya fito da su Misbahu M. Ahmad da Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar, daga baya Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita. Hukuma ma ta shigo cikin gardamar: an kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma daga 2007 aka matsa wa 'yan fim da mawaƙa lamba ƙwarai, har wasu suka koma Kaduna da aiki.

A ganina yaran suna da hujjar da ba a cika ba su dama su faɗa ba. Mafi yawan manyan waƙoƙin da na yabo ne, na mai sarauta ko mai dukiya. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ya fi fita daban, da ɗan kuntiginsa na gwangwani mai tsirkiya ɗaya, yana yi wa karen mota waƙa, yana maganar auren dole da gulma. Saurayin da ke son wata, ko budurwar da aka raba da masoyinta, ba su da wurin zuwa sosai a cikin waƙar fada. Nanaye ta ba su bakin faɗin abin da ke ransu da harshensu, kuma ta cire wa waƙa tambarin roƙo, har ɗan malam da ɗan attajiri suka shiga ba tare da an ce sun zubar da girman gida ba. Fada ma ta karɓa, domin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙarsa. Yabon manya kuwa bai mutu ba, wanda ya ji waƙoƙin siyasa na Rarara ya san sana'ar na nan, kayan aiki kawai aka sauya.

Amma akwai inda nake tare da dattawa ɗari bisa ɗari, kuma ba maganar tarbiyya ba ce, maganar gwaninta ce. Ka tsaya kusa da makaɗin kalangu ka kalli hannunsa. Gangar na rataye a hammatarsa, yana matse tsarkiyoyinta da damtse fatar ta ɗaure amo ya hau, ya sassauta amo ya sauka, 'yar sandar kiɗan da ke hannun damansa na bugawa, yatsun hagu na danne bakin fatar. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangun magana yake yi. Yana kiran sunan mutum da takensa, mai shi ya ji daga nesa ya taso tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Shata na tsaye, ido ya faɗa kan wani a cikin taro, nan take ya ƙulla masa baiti, 'yan amshi su karɓe, makaɗa su bi shi duk inda ya karkata. Ba takarda, ba a sake ɗauka. Wannan ilimi ne da ake shekaru ana koyo a bayan uba ko maigida, kuma fiyano ba ya yin sa, domin amon da aka ajiye a na'ura ba ya sauraron mawaƙi balle ya amsa masa. Haka zurfin Hausar. Waƙar Narambaɗa guda ɗaya na iya ɗaukar malami da ɗalibansa mako suna warware habaici da zambo da tarihin da ke cikinta. A cikin mawaƙan yanzu akwai masu wannan ƙoƙari, Aminu Ala na gaba-gaba, amma kasuwa ta fi son baiti mai sauƙi da muryar da kwamfuta ta goge.

Jami'a ta daɗe da gane darajar abin. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan digirin girmamawa a 1988, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe rayuwarsa yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka fitar da littafin tarihin Shata a 2006. Yaron da mahaifinsa ya hana waƙa ya zama Dokta.

Yanzu kuma zagayen ya sake juyowa. Wanda yake ɗan shekara 15 lokacin Sangaya ya haura 40, yana da 'ya'yan da suka tasa. Su ne za ka ji suna neman waƙoƙin finafinan Sangaya da Wasila suna cewa a nan aka yi waƙa mai ma'ana, suna tsaki in yaransu sun kunna hip-hop ɗin su Classiq da DJ AB, ko suna bin rawar TikTok irin wadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta tayar a 2020 lokacin kullen korona. Kalmomin da iyayensu suka jefe su da su, su suke maimaitawa. A gefe guda kuma wayar da ake zargi da kashe waƙar da ita ce ta kai Shata da Ɗanƙwairo kunnen yaran da ba su taɓa riƙe kaset ba, ko da guntun minti ɗaya ne.

Damuwata ta fi karkata ga halin da su kansu waƙoƙin suke ciki. Je ka wurin masu tura waƙa a kasuwa ka ce a zuba maka tsofaffi a memori. Abin da za ka samu an kwafo shi daga kaset zuwa kaset kafin ya hau kwamfuta, amon ya dushe, wata waƙar ba farko, wata ba ƙarshe, wata an liƙa mata sunan mawaƙin da ba shi ya yi ta ba. Ba shekarar da aka yi ta, ba garin da aka ɗauka, ba sunan makaɗi ko ɗan amshi ko ɗaya. Abin da aka naɗa na Narambaɗa kaɗan ne a kan abin da ya rera a rayuwarsa, saura ya tafi da waɗanda suka ji. Gidan Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, sun ci gaba da riƙe kotso, amma gidajen kiɗa da yawa 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'in domin biki ya koma hannun masu DJ. Tsofaffin faya-fayan da ke ɗakunan ajiya na gidajen rediyon Kaduna da Kano da Sakkwato da Yamai na buƙatar a juye su zuwa na'urar zamani tun zafi da ƙura ba su gama da su ba, a kuma zauna da ragowar makaɗan da suka yi yawo da waɗannan mawaƙa, su faɗi wace waƙa aka yi wa wa, a ina, kuma wa ke riƙe da kalangu a ranar.