Mabuɗi da Rajista: Yadda Ake Gadon Shugabanci a Gidajen Tarihinmu

Ranar da shugaba ya sauka wani ya hau, ita ce ranar da gidan adana kayan tarihi ya fi shiga haɗari. Gobara ko sata ana jin labarinsu, a kira 'yan sanda, a rubuta rahoto. Amma abin da ke salwanta ranar miƙa aiki babu mai jin motsinsa, domin a cikin kan mai barin gado yake: wane ne ya kawo wannan sulke, daga wane gari aka ciro wancan ƙyaure, wane gida ne suka ba da aron alkyabbar kakansu bisa alkawarin za a mayar musu duk ranar da suka nema. Muddin ba a sa wannan a takarda ba, da mutumin ya kama hanya shi ke nan. Sulken na nan a rataye, amma babu sauran mai iya faɗin ko na wane ne.

Ni mutumin Makoda ne, kuma a wannan aiki na ƙarar da ƙarfina har na ajiye. Na zauna ƙarƙashin shugabanni iri-iri, masu kishin abin da waɗanda aka turo su kawai. Abin da na gani da idona shi ne, rajistar kaya da zaman lissafi na shekara-shekara su ne ke riƙe da gidan tarihi, kuma daidai nan ne muka fi rauni.

Aikin ya faro ne a hannun mutum ɗaya. Kenneth Murray ya zo Najeriya a 1927 a matsayin malamin zane, ya ga yadda sassaƙe-sassaƙe ke ruɓewa, wasu kuma ana ficewa da su, ya yi ta damun gwamnatin mulkin mallaka da wasiƙu har aka buɗe sashen kula da kayan tarihi a 1943, aka ba shi riƙo. Doka ta biyo baya a 1953. A can Jos kuma Bernard Fagg, wanda da jami'in mulki ne, ya lura da kawunan yumɓu da masu haƙar kuza ke tonowa, waɗanda a yau duniya ta sani da sunan Nok, ya tsaya tsayin daka har aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Na Legas ya zo a 1957, shekarar da Murray ya yi ritaya ya miƙa wa Fagg.

Nan ne darasin farko ya fito. Da Fagg ya tashi komawa Ingila a 1963 ya karɓi gidan tarihin Pitt Rivers da ke Oxford, sai aka duba aka ga babu ɗan ƙasa da ya gama shiri. Ƙasa ta samu 'yancin kai, amma dole aka koma aka ɗauko Murray daga ritaya ya sake riƙewa har 1967. A 1968 Ekpo Eyo ya karɓa, ɗan Najeriya na farko, mutumin da ya fara daga ƙasa a cikin sashen, aka tura shi Cambridge ya karanto ilimin tonon tarihi. Shekara 18 ya yi. A zamaninsa aka buɗe gidan tarihin Kaduna a 1975 a tsohuwar hedikwatar jam'iyyar NPC, aka yi dokar soja mai lamba 77 ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, kuma daga 1980 aka zagaya da fitattun kayan Nok da Ife da Benin biranen Amurka da Turai. Tsofaffin da muka tarar a aiki kan ce, mutanen wancan zamani sun san kayan sito ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne, kuma abin yabo ne. Sai dai gidan da ya dogara da sanin mutum ɗaya, ranar da ya tafi ake gane yawan abin da ba a rubuta ba.

Bayan Eyo an yi Ade Obayemi, da Yaro Gella, da Omotoso Eluyemi wanda ya rasu yana kan kujera a 2006, da Joseph Eboreime, sannan Yusuf Abdallah Usman daga 2009 zuwa 2017. Daga nan hukumar ta zauna a hannun masu riƙon ƙwarya har 2020 da aka naɗa Farfesa Abba Isa Tijani, wanda a zamaninsa Jamus ta sa hannu a 2022 kan dawo da tagullan Benin. A 2024 aka naɗa Olugbile Holloway. Ina so mai karatu ya tsaya a kan waɗancan shekaru na riƙon ƙwarya. Mai riƙon ƙwarya, komai nagartarsa, bai san ko zai kai wata mai zuwa ba, don haka albashi zai biya, ya amsa wasiƙa, amma da wuya ya ɗauko aikin da zai ci shekara biyar kamar sake ƙidayar sito daga farko. Haka abin yake a ƙananan gidaje ma. Takarda ce ke zuwa daga sama, a ce wane ya koma gari kaza, wane ya zo ya karɓa cikin mako biyu. Mako biyu bai isa a buɗe akwatuna a gwada kowane abu da lambarsa ta rajista ba. Sai a rubuta takardar miƙa aiki mai shafi uku, a lissafa kujeru da fanka da babur ɗin ofis, a sa hannu, a miƙa mabuɗai.

Na taɓa zama a wani gidan tarihi inda wani dattijo ya zo da ɗansa suna neman takobin da mahaifinsa ya bayar aro shekaru da yawa baya. Wanda ya karɓa an daɗe da yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ma ya tafi, kuma babu takardar aro ko ɗaya a fayil. Dattijon bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaro, ai mu amana muka bayar." Har yau maganar na ci mini rai, domin na san daga wannan rana babu wanda zai ƙara ba mu ko da tsinke a duk zuriyarsu, kuma labarin zai bazu unguwa-unguwa.

A Kano akwai wata wahala ta daban, wadda ba a cika fahimtarta a ofisoshin Abuja ba. Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ginin ƙasa ne. Haka Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, wanda yanzu Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ke riƙe da shi. Ginin ƙasa na da nasa lissafin shekara. Kafin ruwa ya sauka dole a hau soro a yi yaɓe, a toshe tsaga, a share indararo, a duba azara ko gara ta shiga, a nemo makuba, a kira magina tun ba su watse zuwa gonakinsu ba. Shekarar gwamnati kuwa daga Janairu take farawa, kuma duk ma'aikacin gwamnati ya san kuɗin ayyuka kan iso ne a makare, wani lokaci sai damina ta yi nisa. Ranar Gidajen Tarihi ta Duniya, 18 ga Mayu, tana faɗowa daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa. Mun sha yin taron wannan rana, ana jawabi a ƙarƙashin rumfa, hankalinmu na kan soron da ba a yaɓe ba. Shugaban da ya daɗe a wuri ya san wannan, ya san maginin da zai yi masa aiki bashi zuwa fitowar kuɗi. Sabon zuwa sai damina ɗaya ta koya masa, kuma bango ne ke biyan kuɗin karatun.

Ga kuma yawan masu abu. Ganuwar Kano tana cikin wuraren tarihi na ƙasa da dokar tarayya ta kare, tana kuma jerin jiran UNESCO tun 2007, amma ƙasar da take kai a hannun jiha take, al'adarta kuma a hannun masarauta. Da aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi, an yi ta ce-ce-ku-ce bayan aikin gama ya gama. Da akwai zama guda na dole a kowace shekara, inda waɗannan ɓangarori uku za su zauna da mutanen unguwannin da ke jikin ganuwar a faɗi abin da ake shirin yi, da maganar ta fito tun katafila ba ta iso ba.

Sata ma rajista ce maganinta na ƙarshe. An shiga gidan tarihin Jos a 1987, an yi ta kwasar kaya a na Ife a 1993 da 1994, a daidai shekarun da masu tonon ɓoye suka far wa wurare irin su Kwatarkwashi. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jan jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, har da gumakan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina. Abin da ke da lamba da hoto da awo a rajista, in ya ɓulla a kasuwar gwanjo a Turai ana iya cewa namu ne, ga shaida. Wanda ba shi da su, sai dai a yi ta rantsuwa.

Ina yawan ba matasan ma'aikata labarin ƙasar Danmak, domin a can ne aikin rajista ya haifi ilimi sukutum. Christian Thomsen ya karɓi tarin kayan tarihin ƙasar a Kopenhagen a 1816. Wajen jera su da rubuta me aka samu tare da me, ya gano tsarin zamani uku, na dutse da na tagulla da na ƙarfe, wanda har yau ake koyarwa a makarantu. Ya riƙe gidan har rasuwarsa a 1865, kuma wanda ya gaje shi, Jens Worsaae, tun yana saurayi yake taya shi aiki. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙananan gidajen tarihinsu na karkara. Da yawansu ƙungiyoyin mutanen gari ne suka kafa su. Sau ɗaya a shekara ake kiran babban taron 'yan ƙungiya, shugaban kwamiti ya karanta rahoton abin da aka yi, ma'aji ya kawo lissafin da mai binciken kuɗi ya duba, a yi tambayoyi, a yi zaɓe. Galibi ba a sauke kwamiti gaba ɗaya, wasu kujeru ne wa'adinsu ke cika bana, sauran sai baɗi, saboda kullum a samu wanda ya san abin da aka yi bara. Kuma tun 1897 mutanen Danmak suka fara gidan tarihi na fili inda ake ɗauko gidajen manoma da kayan aikinsu a sake kafawa, lokacin da suka ga injina sun fara canza rayuwar ƙauye.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A Makoda, inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta sai dai a ciyar da ita da taki, babu uban da zai miƙa wa ɗansa gandu a zaune cikin zaure. Sai ya ɗauke shi sun taka iyaka, ya nuna masa layin gamba da bishiyar da ta raba su da maƙwabci, a gaban shaidu. Abin da nake nema a gidajen tarihinmu ke nan: mai sauka da mai hawa su shiga sito tare, rajista a hannu, da shaida daga wajen ma'aikata, ko da abin zai ci wata biyu.

Akwai kuma abin da ke damuna game da yankinmu kansa. Gidajen tarihinmu sun cika da kayan fada da na yaƙi, sulke da lifidi da tambura da ƙyauren ƙofofin birni, kuma sun cancanci wurinsu. Amma za ka ga hoton dalar gyaɗa a bango, ba ka ga kayan aikin manomin da ya cika buhunan ba. Sungumi da galma da magirbi, akushi da tandu da salka, mazarin da iyayenmu mata suka yi kaɗi da shi, duk roba da ƙarfen kanti sun kore su a cikin rayuwar mutum ɗaya. Takardu ma haka. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talakawa sun yi murna kuma da hujjarsu, sai dai littattafan da dagatai ke rubuta sunayen magidanta gida-gida sun rasa mai nema daga ranar. Waɗannan littattafai, da wasiƙun ajami tsakanin dagaci da hakimi, da takardun rabon gado na alƙalai, su ne tarihin ƙauyukanmu. Waɗanda gara ta bari suna cikin adaka a ɗakunan tsofaffi.

Ba sai mun jira wasiƙa daga Abuja ba. Ɗaki ɗaya mai rufin kirki a Koguna, a nan yankinmu na Makoda, ya isa a fara, da kwamitin da ya haɗa malamin makaranta, da wakilin hakimi, da limami, da maƙeri, da mata biyu ko uku daga cikin waɗanda suka san kayan ɗaki na da. A riƙa zama sau ɗaya a shekara bayan kaka, lokacin da amfani ya shiga rumbu mutane suka samu sarari, kafin matasa su tafi cin rani. A karanta rajista da babbar murya, abu bayan abu, kowane gida ya ji an ambaci abin da ya bayar, kyauta ne ko aro. A sauya kashi ɗaya cikin uku na kwamitin, a bar sauran. Rajistar kuma a yi ta kwafi uku, ɗaya a ɗakin, ɗaya a gidan hakimi, ɗaya a kai Gidan Ɗan Hausa, sannan a ɗauki hoton kowane shafi da waya duk ranar da aka ƙara wani abu a ciki.